Sadiku, zauna ka ji dalilin da ya sa ba na ɗaga siga haka kawai

Ka tambaye ni, tunda masu asalin manhajar sun toshe ɓarakar tsaro a sabuwar siga (version), me zai hana mu ɗauko sabuwar gaba ɗaya mu huta, maimakon mu zauna muna tsamo gyara ɗaya muna liƙa wa tsohuwa. Kowane yaro da ya taɓa zama a shagon nan sai da ya yi mini wannan tambayar, kuma dukanku don gudun wahala kuke yin ta.

Na'urar da ke hannun mutane an gwada ta da wannan tsohuwar sigar, da wannan kanel ɗin (zuciyar tsarin na'urar), da waɗannan laburare. Sabuwar siga gyaran da kake so ɗaya ne a cikinta, sauran duk canje-canje ne da ba ka nema ba: an sauya sunan wani zaɓi a fayil ɗin saiti, an ƙara dogaro da wani laburare, girman manhajar ya ƙaru alhali ma'ajiyar na'urar megabait kaɗan ce. Shi ya sa masu Buildroot, kayan aikin da muke haɗa manhajar ƙananan na'urori da shi, suke fitar da siga duk bayan wata uku amma suna ware wata su riƙe ta da daɗewa suna zuba mata gyara. Ba zan tsaya koya maka git, manhajar adana tarihin canje-canje, ba, wanda bai iya cherry-pick da format-patch ba ya koma gyaran caja.

A Oktoban 2017 mutanen Google suka bankaɗo ɓaraka 7 a dnsmasq, manhajar da ke kula da sunaye da adireshi a cikin rauta, aka fitar da siga 2.78. Lokacin ina riƙe da aikin wani ɗan kwangila da ya zuba rautoci a otal-otal na Wuse da Garki da Utako, ni na haɗa musu manhaja da Buildroot. Ya kira ni hankali a tashe, wai ya ji labari, a gyara kafin ƙarshen mako. Na ce to. Na ajiye duk wani aiki, na zauna na bi tarihin komit ɗin, wato canje-canjen da masu asali suka adana, ɗaya bayan ɗaya. Mafi munin ɓarakar, CVE-2017-14491, ba komit ɗaya ya toshe ta ba, akwai na biyu da ya biyo baya yana cike gurbin da na farko ya bari. Wanda ya ɗauki na farko ya tashi, ya bar ƙofa a buɗe yana ganin ya kulle. Wasu facin, wato fayilolin gyaran da ake liƙa wa tsohuwar siga, suka ƙi hawa saboda layukan sun motsa tsakanin sigogin, na gyara su da hannu, ina karanta aikin kowane layi. Wuta ba ta zama, janareta na ci da kuɗin aljihuna. Na gwada a kan rauta ta gaske a kan teburin nan da kake jingina da shi, na kai masa.

Sai ga shi ya dawo da ɗan ƙanwarsa, wani yaro da ya gama makaranta jiya, riƙe da laftof. Yaron ya kunna wata manhajar bincike, ita kuma ba abin da ta iya sai karanta lambar siga. Ta ga tsohuwar lamba, ta zana ja. Ai dole ta ga tsohuwar lamba! Faci ba ya canza lambar siga, abin da ke ciki yake canzawa. Na buɗe masa jakar kunshin, na nuna masa fayilolin a jere, 0001, 0002, har ƙarshe, kowanne da lambar ɓarakar da lambar komit ɗin asali a kansa. Mutumin nan ko kallon allon bai yi ba. Ya ce shi dai na'ura ta nuna ja, don haka ban yi aiki ba, ragowar kuɗina kuma sai dai in yi haƙuri. Wallahi ya san gaskiya, hanyar cin gumina yake nema, ya samu.

Ya ba yaron aikin a kan kuɗin shan ruwa. Yaron ya ga ɗaga dnsmasq kaɗai bai ishe shi burga ba, ya jawo sabon Buildroot ɗungurungum ya gina, ya tura wa rautocin ta intanet bai gwada ko ɗaya ba. Wasu suka mutu ba su sake tashi ba, sai da aka bi su otal-otal da tsani ana kwancewa daga silin. Araha ba ta ado. Da dare ya kira ni yana Malam don Allah. Na ce a fara turo ragowata. Har yau ban ga ko sisi ba, kuma in na hango shi a masallacin Juma'a sai in sauya sahu.

To ka buɗe kunne. Kafin ka taɓa komai, duba abin da ya biyo bayan komit ɗin a wurin masu asali, ko akwai wani da ke cewa yana gyara shi. A Janairun 2021 ma haka ta faru, dnsmasq 2.83 ta fito da gyaran tsaro, ba a jima ba 2.84 ta biyo don gyara abin da ta ɓata. Idan faci ya hau amma ya ce maka da fuzz ya hau, wato layukan ba su yi daidai sosai ba, kada ka yarda da shi, buɗe fayil ɗin ka ga inda ya sauka da idonka, yana iya zama a wani aikin mai kama da wanda ake nufi. A kan facin ka bar bayanin marubucin asali yadda yake, ka ƙara layin Upstream da inda ka ɗauko, ka faɗi abin da ka sauya, ka sa Signed-off-by da sunanka. Ka saka lambar ɓarakar a IGNORE_CVES na kunshin don rahoton binciken ɓaraka ya daina kuka a kanta. A Yocto kuma, takwaran Buildroot, Upstream-Status: Backport suke rubutawa a madadin layin Upstream, manufar ɗaya ce.

Abin da ya fi ƙona mini rai da yaran yanzu, sai ku shiga output/build ku gyara fayil a can, ya yi aiki, ku ɗauki hoton allo ku sa a WhatsApp. Ranar da aka yi make clean gyaran ya bi iska. Kuma rebuild ba ya sake liƙa faci, sai ka yi dirclean na kunshin tukuna, na gaji da maimaita wannan. Ku komai sai ku tambayi waya, ba mai iya zaman awa biyu yana karanta tarihin komit.

Ɗauki wancan allon na'urar (board) da ke cikin kwali, ka yi facin manhajar BusyBox da na ba ka jiya, ka gina daga farko. Ka kunna shi a gabana bayan La'asar, kuma ka zo da fayil ɗin facin in karanta kansa kafin in duba komai.