Layin da ke haɗa ɓangarori biyu a zanen Matplotlib

Malam, ka ce y ɗinka 0 ne idan x bai kai 2 ba, daga 2 zuwa sama kuma 2.5, amma zanen ya fito da layi tsaye a tsakani. Lissafinka lafiya lau yake. Matplotlib, kayan aikin Python na yin zane, shi ne ke haɗa kowane ɗigo da na gabansa, ba ruwansa da tsalle. Ka sa np.nan (alamar da ke nufin babu lamba a nan) a y daidai wurin tsallen, nan zai ɗaga alƙalami ya bar giɓi. Ni na fi son wannan a kan zana kowane ɓangare daban.

Ka kuma kula da np.piecewise, mai lissafa y ɓangare-ɓangare: idan x cikakkun lambobi ne, amsar ma haka za ta fito, 2.5 ta koma 2. Don kauce wa haka, ka samar da x da np.linspace, mai ba da lambobin desimal.