Muryar WhatsApp: Burushin da fentin ruwa ya bushe a jikinsa

Assalamu alaikum jama'ar guruf. Wannan amsa ce ga ƙaninmu na Pantami da ya turo hoton burushi uku, biyu inci huɗu, ɗaya inci biyu, ya ce imalshin, wato fentin ruwa, ya bushe a jikinsu tun makon jiya, ya jiƙa su a kananzir kwana biyu ba su motsa ba, yana tambaya ko ya zubar.

To ƙanina, kar ka zubar tukuna, amma fitar da su daga kananzir ɗin nan. Kananzir da fetur na fentin mai ne. Fentin ruwa ba ruwansa da su. Abin da ke cikin imalshin wani gam ne na roba, ƙananan ƙwayoyi da ke yawo a cikin ruwa. Ruwan na tafiya sai ƙwayoyin su manne da juna su zama fata guda, kuma ruwan sanyi ba ya sake narkar da ita. Sai dai fatar nan takan ɗauki sati uku zuwa huɗu kafin ta gama ƙwari, saboda haka naka na sati ɗaya yana da sauƙi.

Fara wanke kananzir ɗin da Omo, don maiƙonsa zai hana komai shiga. Sannan ka tsinke gashi ɗaya ka kai masa ashana. In ya narke ya dunƙule, na roba ne. In ya yi ƙauri ya zama toka, gashin dabba ne, shi kuma ba ya son daɗewa a ruwa, kumbura yake ya baje.

Matakin farko ruwan ɗumi da sabulu. Lita ɗaya, wato leda biyu ta fiya wata, Omo cokali biyu. Ɗumin da hannunka zai iya jurewa, ba tafasasshe ba. Tafasasshen ruwa yana lanƙwasa gashin roba, yana kuma sassauta gam ɗin da ke riƙe gashin a cikin ƙarfen wuyan burushin, gobe kana fenti gashi na bin bango. Kuma ku lura da nan, don nan ne yawancin yaranmu ke kashe burushi: kada ya tsaya da gashinsa a gindin gwangwani. Zura ƙusa ko waya a ramin mariƙin, ka gitta a bakin gwangwanin, ya zama yana reto. Ruwan ya tsaya daidai bakin ƙarfen. In ya haye kan katakon, katako zai sha ruwa ya kumbura, ya bushe ya motse, ƙarfen ya fara girgiɗi. Awa biyu zuwa uku, ka fitar ka murza da yatsu.

Imalshin mai araha, irin wanda aka cika masa kalsiyam, sau da yawa a nan yake sallamawa, ka ga yana ɓarɓashi kamar alli. Masu sheƙi, waɗanda ake kira satin da silk, su ne masu taurin kai, robarsu ta fi yawa.

In bai saki ba, sai binega fara, ta girki, wadda ake sayarwa a kwalba a shagunan kayan abinci. Ɗumama ta har ta fara tururi, sauke, ka bar ta minti biyu, ka rataya burushin a ciki minti 30 zuwa awa ɗaya. In ka ga ƙananan kumfa na tasowa, tsamin ne ke cin kalsiyam ɗin, alama ce mai kyau. Don Allah kada wani ya ce bari ya ƙara Hypo ko Jik don aiki ya yi sauri. Bilic da binega in sun haɗu iska mai guba suke fitarwa, tana kama ƙirji. Ruwan batir ma ku bar shi inda yake. Sodar sabulu kuwa cinye gashin dabba take yi, ta ƙone hannu.

Wanda ni na fi yarda da shi a kan fenti irin satin da ya bushe shi ne sifirit, wannan na kemis da ake goge wurin allura. Shi yana narkar da robar kai tsaye. Zuba a kwalba mai faɗin baki ko gwangwanin madara, daidai yadda zai rufe gashin, ka lulluɓe bakin da leda ka ɗaure da kyauro, in ba haka ba iskar hunturun nan ta Gombe ta shanye maka shi kafin la'asar. Awa biyu ka duba. Mai tauri sosai ya kwana. Ba a ɗumama shi, ba a ajiye shi kusa da murhu ko janareta, kamawa yake kamar fetur. Tina ma, wadda ake tsinka fenti da ita, tana yi, har ta fi sauri, amma minti 10 zuwa 15 ya isa, a waje, da safar hannu. Tana cin fentin mariƙi, burushi mai arha kuma tana iya sa gashinsa ya yi kaushi ko gam ɗinsa ya saki.

Af, ga mai shakkar wane irin fenti ne ya bushe masa: ɗiga sifirit a tsumma ka goga. In launi ya biyo tsumman, na ruwa ne. In bai biyo ba, gulos ne, wato fentin mai, wannan maganarsa daban.

Yanzu tsefewa, kuma a nan aikin yake. Jiƙo laushi kawai yake sa fentin ya yi, ba ya fitar da shi. Kwantar da burushin a kan katako, ka samu tsohon cokali mai yatsu ko matajin ƙarfe. Fara daga baki, ka riƙa hawa a hankali har gindi, kullum kana ja daga ƙarfen zuwa bakin gashi. Kar ka taɓa komawa baya, karya gashin za ka yi. Buɗe tsakiyar da yatsa ka leƙa. Akwai ɗan fili a gindin gashin wanda ke riƙe fenti, can ne yake daskarewa, kuma muddin yana nan burushin zai riƙa rabuwa gida biyu yana bar maka layi a bango. Burushin waya a kan ƙarfen wuya da inci ɗayan da ke kusa da shi kaɗai za ka sa. In ya taɓa bakin gashin, ya tsinke 'yan rassan nan masu laushi da ke sa fenti ya kwanta sumul. Jiƙa, tsefe, jiƙa, tsefe, sau biyu ko uku ba abin mamaki ba ne. In Texcote ne, ƙara haƙuri, akwai yashi a ciki.

Daga nan wanke da sabulu har ruwan ya fito fes. Sa mariƙin tsakanin tafukanka ka murza a cikin bokiti ruwan ya fita. Gashin roba da ya karkace, tsoma shi a ruwan zafi, ba tafasasshe ba, rabin minti, taje shi ya miƙe. Naɗe da takardar buhun siminti ko jarida, ɗaure sako-sako, rataye a inuwa gashi na kallon ƙasa. Kwana ɗaya ya isa.

Wancan na inci biyun da na gani a hoton, wanda ƙarfensa ya yi tsatsa gashin kuma ya fara zubewa, kar ka ɓata sifirit a kansa, kuɗin sifirit ɗin ya kusa kuɗin sabo. Bar shi na kakkaɓe ƙura ko shafa gam.

Manyan biyun in sun dawo, ka riƙa jiƙa su da ruwa ka yarfe kafin ka fara aiki, ka tsoma kashi ɗaya cikin uku na gashin kawai. In an tashi azahar, ka cusa kan a leda ka ɗaure, don a watan Maris da Afrilu rabin awa a rana ya isa imalshin ya yi fata.