Tsakuwa ta ɓantare fentin bonet: yadda za ka cike wurin da kanka

Malam, ka ce tsakuwar da tifa ta watso ta ɓantare maka fenti a bonet ɗin Corolla, ka sayo ƙaramar kwalbar fenti ka shafa, sai wurin ya yi tudu, kalar ma ta bambanta. Ba fentin ne da laifi ba. Shafawa ka yi, alhali wannan aikin ɗigawa ake yi.

Fara da kala. "Fari" ko "siliba" ba su isa ba, lambar fenti za ka nema. A yawancin Toyota tana kan takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, gaban haruffan C/TR. 040 fari ne zalla, 070 fari mai ƙyalli, 1F7 siliba, 202 baƙi. Da lambar za ka je wurin masu haɗa fenti. In taka 070 ce, kwalba biyu kake buƙata, ta farin ƙasa da ta ƙyallin da ke hawa kansa; guda ɗaya ba za ta taɓa fito da kalar ba. Ko da lambar ta yi daidai, motar da ta sha rana shekara da shekaru ta ɗan koɗe, don haka gwada a cikin murfin but tukuna.

Sai ka cire tsohon tudun da ka yi da bakin reza a hankali, ka duba zurfin ramin. In toka-toka kake gani, faraima, wato fentin shimfiɗa da ke ƙarƙashin kala, tana nan, kala kawai za ka sa. In ƙarfe ya fito ko ya fara ja, dole ka kankare tsatsar: yanki samfefa mai lamba 600 ɗan mitsitsi, manna a kan robar gogewa ta bayan fensir, ka murza cikin ramin kaɗai. Wanda ya rufe tsatsa da fenti, damina ɗaya za ta kumbura masa wurin. Bamba roba ce, ba ta tsatsa, ita ba gaggawa.

Wanke da sabulu, ya bushe, ka goge da sifirit don cire maiƙo da tsohon folish. Kada ka sa tina, wato ruwan tsinka fenti, tana iya dusar da ƙyallin gefen. Yanzu girgiza kwalbar minti biyu, musamman siliba, don garin ƙyallin kwanciya yake yi a gindi.

Burushin da ke jikin murfin kwalba ya yi girma, ajiye shi. Tsinken sakace ya fi. Taɓa fentin da bakinsa, ɗiga a tsakiyar ramin, bar shi ya bazu da kansa. Ƙarfe tsirara faraima yake fara sha, siririya. Kala kuma hawa biyu ko uku, tsakanin kowanne minti 20 zuwa 30. Ɗigo mai kauri sama yake bushewa ya bar ciki ɗanye, daga baya ya lotsa ko ya yamutse. Tsaya kafin ramin ya cika, kiliya ce za ta ƙarasa, wato fentin sama marar kala mai sheƙi, ta ɗan ɗara saman fentin kaɗan domin tana tsukewa.

A inuwa za ka yi, bonet da sanyi. Ƙarfe mai zafi yana ƙafar da fenti tun bai kwanta ba, ranar hazo kuwa ƙura ce za ta manne.

Bayan kwana biyu ko uku, in tudun ya dame ka, jiƙa samfefa 2000 ko 2500, naɗa a ƙaramin katako mai santsi, ka ɗan shafa, sannan folish. Nan ne aka fi ɓata aiki, don kiliyar kamfani ba ta kai kaurin takarda ba. In ka huda ta, sai feshi. Kakin ƙyalli kuma jira wata guda.

Ramin da ya wuce faɗin farce, ko bonet da ya cika da ɗigo-ɗigo, kai wa mai fenti ya fesa shi gaba ɗaya.