Banki ya zaftare mini iyakar kati: in bar bashi a kai don makina ya hau?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Bronx, cikin New York. Kwatsam banki ya rage mini iyakar katin bashi daga dala 5,000 zuwa 2,500, ga dala 2,000 da na riga na kashe a kai, sai makina na bashi (credit score, wanda masu ba da rance ke dubawa) ya faɗo. Wata ƙawata ta ce in daina biya duka, in riƙa barin saura kowane wata, wai haka ake gina maki. Mota nake son saya, hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, kwantar da hankalinki, ba ke kaɗai abin ya shafa ba. Tun da Babban Bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a Maris 2022 zuwa sama da kashi 5 a Yulin 2023, bankuna suka ɗaure bakin jaka. Ruwan kati ya haura kashi 20, bashin kati a ƙasar kuma ya wuce dala tiriliyan 1 a 2023. Shi ya sa mutane ke lallaɓa tsohuwar mota, wasu sun koma Klarna da Affirm, kamfanonin saya yanzu a biya daga baya, ko takalmi sai an raba kuɗinsa gida huɗu.

Makinki ya faɗo ne don jiya kashi 40 na iyakarki kika ci, yau ya zama 80, ba tare da kin ƙara kashe ko sisi ba.

Maganar ƙawarki kuwa, wallahi na gaji da jin ta. Kusan kullum sai wani ya zo mini da ita, yana faɗa kamar karatu. FICO, kamfanin da ke lissafa makin, ba ya ba kowa lada don ya biya ruwa. Abin da ya fi dubawa shi ne biya a kan lokaci, kashi 35 na makin ke nan, sai yawan bashin da ke kanki, kashi 30. Wanda ya biya duka da wanda ya bar saura, dukansu "ya biya" ake rubuta musu. Bambancin kawai, mai barin dala 2,000 a ruwa kashi 21 yana zubar da kusan dala 35 duk wata. Kuma da zarar kin bar saura, rangwamen kwanakin da ba a ɗora ruwa ya tafi, ko madara kika saya ruwa ya fara hawa tun ranar.

Haka masu tallar "gyaran maki" a WhatsApp. Dokar tarayya ta 1996 ta hana su karɓar kuɗi kafin aiki, wanda duk ya ce a fara biya, ki guje shi. Rahoton bashinki daga Equifax, Experian da TransUnion, kamfanonin da ke adana tarihin bashin mutane, kyauta ne.

Ki rage bashin kafin ranar da banki ke rufe lissafin wata, don abin da ya gani ranar shi yake kai rahoto. Kada ki rufe katin, motar kuma ki ɗan jinkirta har makin ya dawo.