Me ya sa na zaɓi tayil mai 60

Ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana mai gidan nan sayen tayil mai santimita 50, alhali ya fi araha, na ce sai mai 60. To ɗauko tef ɗinka, yaro, mu koma falon.

Tsawonsa santimita 420, faɗinsa 360. Jera mai 50 a tsawo, guda 8 za su shiga, 20 ta rage. A faɗi guda 7, 10 ta rage. Ka ga bango biyu ke nan sai mun yi yanka, kuma ɗaya siririn guntu ne mai santimita 10, irin wanda yake tsagewa a bakin injin yanka, in ma ya zauna ido ba ya son ganinsa. Mai 40 da sauƙi, yana cinye 360 sau 9 daidai, a tsawo ne kawai ake raba tayil biyu. Amma mai 60 ya shiga 420 sau 7, ya shiga 360 sau 6, babu saura ko ta ina. Guda 42 cif.

Yadda nake gano wannan ba sai da biro ba. Cire ƙaramin awo daga babba, 420 ban da 360, saura 60. Sai ka duba ko 60 ɗin ta raba 360 ba ragowa. Ta raba, to ita ce mafi girman tayil da zai zauna a ɗakin ba yanka. Da ta bar ragowa, sai ka ɗauki ragowar ka duba ko ta raba lambar da ka yi rabon da ita, ka ci gaba haka, har ka kai inda babu saura. Kuma duk lambar da ke raba 60 za ta zauna, shi ya sa mai 30 ma zai yi, guda 168, sai dai aikin ya fi cin lokaci.

Wajen saye kuma lissafin ya juya. Kwalin mai 60 da muke ɗauka guda 4 ne, kuma ba a fasa kwali a sayar maka biyu. Rabin 42 shi ne 21, ita kuwa ba ta rabuwa biyu, don haka 4 ba ta raba 42 ba. Haura zuwa 44, kwali 11. Ni ina ƙara ɗaya saboda fashewa, don in ka koma kasuwa bayan wata guda ba lalle ka sami launin da ya yi daidai ba.

Abu ɗaya nake so ka riƙe da kyau. Lissafin nan bai san bango ya karkace ba. Auna kowane ɓangare a wuri uku, bayan an gama filasta. Ka kuma ƙidaya tazarar da ke tsakanin tayil, milimita 2 sau 6 ta kai 12, ta haura santimita guda. Jera layi ɗaya a bushe ka gani da idonka kafin ka kwaɓa siminti.