Tambaya da Amsa: Sai na iya Ibrananci da Helenanci kafin in yi mastas?

TAMBAYA: Baba Rabaran, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni mai bishara ne a wani ƙauye wajen Billiri, na gama digiri na farko a tauhidi, yanzu ina so in nemi mastas a fannin fassarar Littafi Mai Tsarki amma wani abokina ya ce in ban iya Ibrananci da Helenanci ba kar ma in ɓata kuɗin fom. Ni kuwa Girik ɗin nan, wato Helenanci, da kyar na tsallake shi a makaranta, yanzu ko baƙaƙen ma sun gudu. Dole ne? Ba ga shi muna da Littafi Mai Tsarki da Hausa ba?

AMSA: Ɗana, abokinka ya ɗan zuzuta amma ba ƙarya ya yi ba. In mastas ɗin a aikin fastanci ne ko bishara za ka iya lallaɓawa. Amma in Tsohon Alkawari ko Sabon Alkawari za ka ƙware a kai, ko a makarantar tauhidi ta TCNN Bukuru ne ko ta JETS a Jos ko ta Ogbomosho, to ba makawa, don a wannan matakin ba tambayarka za a yi me ayar ta ce ba, za a ce me ya sa ka fassara ta haka, kuma malami zai buɗe maka nassin asali, Tsohon Alkawari da Ibrananci, Sabon Alkawari da Helenanci, ya ce bismilla karanta.

Fassarar Hausa kam muna godiya, tun 1932 muke da ita da ƙoƙarin su Dakta Miller na Wusasa, aka sake sabuwa a 1979. Sai dai mai fassara duk inda jimla ta rabu hanya biyu dole ya zaɓi ɗaya, kai kuma aikinka a mastas shi ne ka ga ɗayar da ya bari.

Ibrananci kar ya ba ka tsoro ko kaɗan, mu masu jin Hausa ya fi mana sauƙi a kan Bature. Dangi ɗaya suke da Hausa da Larabci ko da yake dangantakarsa da Hausa da nisa. Baƙaƙe 22 ne, daga dama zuwa hagu, wasula kuma ɗigo-ɗigo ne a ƙasa da sama, wanda ya taɓa ganin allo ko ajami ba zai yi baƙunta ba. Ibrananci yana raba "kai" da "ke" kamar mu, abin da Turanci ba ya yi, kuma yawancin kalmomi daga saiwa mai baƙi 3 suke fitowa. Ka fara da Yunusa da Rut, sura huɗu-huɗu ne kuma labari ne miƙaƙƙe, Ayuba kam bar shi tukuna. Akwai ɗan Aramaik, wani harshe ɗan'uwan Ibrananci, a Daniyel da Ezra, wannan sai can gaba.

Helenanci ne mai cin rai gaskiya, baƙaƙen 24 a mako ɗaya ka haddace, amma fi'ili ɗaya sai ya yi ta canza riga har ka rasa gane shi. Sauƙinta kalmomi wajen 300 ne ke ta maimaituwa a Sabon Alkawari, su ne kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da za ka karanta. Yohanna da Markus za ka fara, Ibraniyawa sai ƙafa ta yi ƙwari.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne wanda ya leƙa kalma ɗaya a waya ya hau bagadi yana cewa "a Girik ma'anarta kaza", jama'a na tafa masa, alhali jimlar ma bai iya karantawa ba. Kalma a cikin jimla take samun ma'ana, wannan ne za su matsa maka a kai.

Don haka ka jinkirta fom ɗin zuwa baɗi, ka ɗauko tsohon littafin Girik ɗinka kullum minti 30 da asuba kafin 'yan ikilisiya su fara sallama, ka nemi Nestle-Aland bugu na 28 (Sabon Alkawari da Helenanci) da BHS (Tsohon Alkawari da Ibrananci) ko na hannu ne, in ka shiga Jos kuma ka je ofishin rajistara ka tambayi ko suna gwajin harshe kafin ɗauka.