Mijina sojan sama ne, me ya kai shi karatun takarda a Teshie?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Alhaji. Ni 'yar Nima ce a Accra, mijina hafsa ne a sojan sama, Filait Laftana, a Takoradi yake aiki. Yanzu an turo shi kwas Teshie wai shi Juniya Sitaf Kwas, na yi murna nace to ga shi ya dawo kusa da gida, sai yace min kar in sa rai da ganinshi kullum, ko wikend ma ba kowanne zai zo ba. Teshie fa Baba, trotro biyu ne daga ƙofar gidanmu. Kuma yace ba tashi da jirgi za su yi ba, rubutu ne da karatu. Wasu a gidanmu suna cewa laifi yayi aka sauke shi daga jirgi, wasu kuma suna wata magana da ba sai na faɗa ba. Dan Allah a fahimtar da ni, wane irin kwas ne wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Kafin komai ki kwantar da hankalinki, wallahi ba a tura mai laifi wannan kwas. Mai laifi gaban kwamandanshi ake kai shi ko kotun soja, akwai doka guda a kan haka tun 1962. Wannan kwas kuwa layi ake bi, hafsa yana jiran sunanshi ya fito kamar yadda maniyyaci yake jiran kujerar Makka, wanda aka tsallake shi shine yake shiga damuwa. Ni na yi shi ina saurayi, daga baya na koyar a irinshi, saboda haka abin da zan gaya miki na gani ne da idona.

Bari in fara da muƙamin mijinki don ki san inda yake tsaye. A sojan sama hafsa yana farawa da Failot Ofisa, sai Fulayin Ofisa, sai Filait Laftana wanda daidai yake da Kyaftin a sojan ƙasa, muƙamin da Rawlings yake riƙe da shi kenan a 1979 in kina jin labarin wajen manya. Na gaba shine Sukwadiron Lida, daidai da Manjo. To tsakanin waɗannan biyun akwai wani babban rami da mutanen gari ba sa gani. Daga Filait Laftana zuwa ƙasa, abin da ake nema wajenka shine ka iya aikin hannunka, in matuƙi ne ka iya tuƙi, in injiniya ne jirgi ya tashi lafiya ya sauka lafiya, in mai kula da kaya ne kar a nemi taya ko mai a rasa. Amma daga Sukwadiron Lida zuwa sama aikin ya canza fuska gaba ɗaya, yanzu kai ne zaka tsara wa wasu aiki, kai zaka rubuta wa manya shawara su sa hannu a kai, kuma rayukan mutane suna rataye da abin da ka rubuta. Ba wanda aka haifa da wannan, koyar da shi ake, kuma wajen koyarwar shine inda mijinki yake yanzu, kwalejin kwamand da sitaf ta sojojin Ghana dake barikin Otu a Teshie. Tun 1963 ake wannan horo a ƙasar nan. Kar ki haɗa ta da makarantar kadet wadda ita ma a Teshie take tun 1960, can ne ake mai da farar hula hafsa, ya riga ya wuce nan tuntuni.

Me ake nufi da kwamand da sitaf? Kwamanda shine mai yanke hukunci, shi ake tambaya in abu ya lalace. Sitaf kuma sune hafsoshin dake zagaye da shi suna tattaro bayani, suna lissafi, suna mai da abin da ya faɗa a baki ya zama umarni a rubuce wanda kowa zai gane. Ki ɗauka kamar sarkin Zongo da wakilanshi da magatakarda, sarki ɗaya ne amma in na kusa da shi ba su iya aiki ba, ko hawan salla ba zai tsaru ba. A ofis ɗin soja an raba su da lamba, na 1 sha'anin ma'aikata, na 2 bayanan sirri, na 3 ayyuka da horo, na 4 kaya da mai da sufuri. Mijinki in ya gama, kowanne a cikin kujerun nan ana iya ɗora shi a kai.

Yanzu ga dalilin da ya sa ba za ki rinƙa ganinshi ba, kuma nan nake so ki natsu. Ana raba ɗalibai rukuni-rukuni, sindiket ake ce musu, mutum goma ko ƙasa ko sama kaɗan, ana cakuɗa sojan ƙasa da na ruwa da na sama, har da hafsoshin da ƙasashen Afirka 'yan uwa suke turowa. Kowane sindiket yana da malami wanda ake kira Di-Es, babban hafsa ne da ya riga ya bi ta wannan hanya, shi kuma aikinshi ba koyarwa kawai ba ne, kallonka yake, yadda kake magana, yadda kake sauraron wanda ya saɓa maka, ko kana zuwa a kan lokaci, ko in aka matsa maka kana rikicewa. Da rana ana aji ana muhawara, da yamma sai a miƙo maka aiki ace gobe ƙarfe kaza da safe a same shi a kan tebur, kuma ƙarfe kaza ɗin nan ba irin na bikin unguwa ba ne, minti ɗaya ya wuce an rubuta maka. Shi ya sa za ki ga fitilar ɗakunansu a kunne har biyun dare har uku. Da gangan ake cika musu aiki fiye da lokacin da suke da shi, don ana so a ga wa zai iya bambance abin da ya zama dole da abin da zai iya jira, tunda ranar da abu ya faru da gaske ba wanda zai ba ka sati guda ka yi tunani.

Abu na farko da ake gasa su a kai shine rubutun soja. Mutane suna raina shi, amma ni a ganina shine rabin kwas ɗin. Soja yana da tsarin rubutu nashi, yadda ake wasiƙa, yadda ake taƙaita wa oga magana a shafi ɗaya ko biyu, yadda ake rubuta abin da aka tattauna a mitin, yadda ake tura saƙon gaggawa, har inda za a sa lamba da inda za a sa kwanan wata duk a ƙa'ide yake. Ka kawo takarda shafi huɗu kana jin ka burge, ta dawo maka ja-wur da jan biron Di-Es, yace maka oga ba shi da lokacin neman abin da kake nufi, ka faɗa a layin farko. Dalilin tsananin shine, wanda zai karanta umarninka wataƙila yana Tamale cikin dare ya gaji kuma ba zai samu damar kiranka ya tambaye ka me kake nufi ba, in jimla tana da ma'ana biyu to akwai yiwuwar ya ɗauki wadda ba ita ba, kuma da jirgi ake magana.

Na biyu shine auna lamari kafin a tsara shiri. Bari in ba ki misali da abin da muka sani a ƙasar nan. Kusan duk shekara wajen Agusta ko Satumba in Burkina suka buɗe dam ɗin Bagre ruwa yana cinye ƙauyuka a arewa, ko kamar yadda aka gani a Mepe a Oktoban 2023 da aka saki ruwan Akosombo. To sai a ce wa ɗalibi ga irin wannan ta faru, hanya ta yanke, kai ne hafsan tsara ayyuka, ga kayan agaji a Accra, kana da jirgin ɗaukar kaya C-295 guda ɗaya da helikwafta Mi-17 guda biyu, gobe da asuba kwamanda yana son jin shirinka. Wanda bai yi kwas ba zai ce ai sai a loda a tashi. Wanda aka koyar zai zauna ya fara tambayar kanshi, wai me ake so in cimma, ceto mutane ne farko ko kai abinci? C-295 iyakarshi wajen tan 9 ne, kuma in ka cika tanki da mai dole kaya su ragu, to sawu nawa zai yi zuwa Tamale? A Tamale wa zai sauke, ina za a ajiye, akwai man helikwafta da zai isa ko sai an turo tanka ta hanya mai kilomita wajen 600? Matuƙa awa nawa doka ta yarda su yi a sama kafin su huta, tunda matuƙin da ya gaji haɗari ne? Filin makarantar da ake son sauka, ƙasar ta bushe ko taɓo ce? In hadari ya haɗu da la'asar fa? In jirgi ɗaya ya samu matsala me za a yi? Sai ya fito da hanyoyi biyu ko uku, ya auna kowacce da amfaninta da haɗarinta, ya zaɓi ɗaya, ya tsaya gaban 'yan sindiket ya kare ta suna jifanshi da tambaya. Na taɓa samun ɗalibi haziƙi matuƙi na gaske, shirinshi ya yi kyau ƙwarai sai dai bai lissafa man dawowa daga ƙauye na ƙarshe ba, da aka nuna mishi sai da ya yi shiru na ɗan lokaci, kuma na tabbata har ya bar aiki bai sake manta wannan ba. Gara ya yi kuskuren a takarda a Teshie. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai sauran darussa, dokar soja da yadda ake hukunta na ƙasa da kai bisa adalci, kula da kuɗi da kayan gwamnati, tarihin yaƙe-yaƙe, yadda ƙarfin sama yake tallafa wa na ƙasa da na ruwa, da aikin kiyaye zaman lafiya wanda Ghana take ciki tun Kwango a 1960, kuma sojan samanmu ma sun kai jirage Kodibuwa da Mali a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. A irin waɗannan wurare da hafsoshin ƙasashe barkatai ake zama ofis ɗaya, in ba ku da tsarin aiki iri ɗaya ba za ku fahimci juna ba.

A ƙarshe ana ba kowa maki da rahoto, rahoton nan yana shiga fayil ɗinshi ya bi shi har ritaya. Shi ake dubawa tare da jarrabawar ƙarin girma in za a ba shi Sukwadiron Lida, shi ake dubawa in za a zaɓi waɗanda za su je babban kwas na kusan shekara guda, ko a nan Teshie ko a Jaji ta Kaduna ko wata ƙasa. Watanni kaɗan ne amma nauyinsu ya fi na shekaru.

Wani abu da yake ci min rai, kuma dole in faɗa tunda a gida muke. Yaranmu na Zongo da suka shiga hafsa ba su da matsalar jarumta ko ƙwaƙwalwa, sau da yawa ma haddar da suka saba da ita tun makarantar allo tana taimakonsu. Inda ake samun cikas shine mu 'yan uwa. Asabar aure a Mamobi, Lahadi suna a Madina, ga addu'ar arba'in a Sabon Zongo, ga abokai a bes, wato wajen zaman hira na unguwa, suna jiranshi da ataya, kowa yana so ofisa ya zo da yunifom a gan shi, in bai zo ba ace ya samu muƙami ya manta da mutane. Yaro ya rasa yadda zai yi ya je, ya koma bariki daren Lahadi bai taɓa aikin Litinin ba, abokin karatunshi kuwa yana ɗaki tun Juma'a. Na ga waɗanda wannan ya ja musu baya ƙiri-ƙiri kuma har yau abin yana damuna.

Saboda haka 'yata abin da ya gaya miki ya yi daidai da yadda kwas ɗin yake, kar ki bar masu waccan maganar su shiga tsakaninku. Ke ce za ki tsaya mishi, ki je bikin a madadinshi ki ba da uzuri, ki gaya wa Hajiyarshi da kawunnai da bakinki cewa karatun ƙarin girma yake. Ƙananan matsalolin gida da za ki iya kashewa ki kashe, manya kuma kar ki ɓoye mishi, ki dai nemi lokacin da ya fito daga jarrabawa. Ki tambaye shi wane lokaci ne ya fi mishi sauƙin waya ku tsayar da shi, ko minti goma bayan isha'i. In ya ce an ba su sarari, ki dafa mishi waakye ko tuwo da miyar ayoyo ki shiga motar Teshie ki kai mishi, in ya zo gida ya kwanta barci tun azahar ki bar shi, bashin barci yake biya.

Ranar yaye su ana gayyatar iyali, ki shirya ki je da yara. Sannan ki fara ɗaure kayanki a zuci tun yanzu, don bayan kwas akan yi sabon fostin, yana iya komawa Takoradi, ana iya ajiye shi a ofis a hedikwata Burma Camp, ana kuma iya cewa Tamale. Allah ya ba shi sa'a, ya bar ku tare.